Ranar da Na Nome Aikin Yaya

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Kuma ba da ƙuruciya na yi wautar ba, balle a yi mini uzuri. Da furfurata na yi ta, da fartanya a hannu, a ranar da muka kai yayata makwancinta, ina yi ina ji a raina cewa duk dangin nan ba wanda ya kai ni tsari.

Wanda Ya ba mu ita Shi Ya karɓi abarSa, mu ma can muka nufa. Yaya ta cika da hantsi a gidanta da ke Lugbe, bayan wata doguwar jinya da ba ta taɓa yarda a kira ta jinya ba. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Na zauna a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, ina sauraron yayata a bakin mutane. Ma'aikatan cibiyar binciken magungunan da ta yi wa aiki har ta yi ritaya sun zo da yawa. Wani babban mutum mai sanƙo, da aka ce shi ma yanzu Farfesa ne, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Baba, wata uku na yi ina wanke kwalabe kafin Madam ta bar ni in taɓa ganye. A lokacin na tsane ta." Daga nan sai ya cire tabarau yana ta goge shi da bakin riga. Mutanena na garejin Apo su ma sun zo, da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Bayaraben da ke mana gyaran giyar mota ya ce, "Oga, sori. Mama ɗin nan in ya kawo mota, ba ya tafiya sai ka nuna masa abin da ya lalace a hannu." Matan unguwa kuwa, aka ce a ciki suna ta faɗin Hajiya mai magani ta tafi, mai maganin da ba ta taɓa ba kowa magani ba. Duk wadda ta je da ciwo, ta sha shayi, an kuma tura ta asibiti.

Ina ta gyaɗa kai kamar wanda ya san komai. A lokacin na riga na yi ɓarnar, ban dai sani ba.

Ga yadda aka yi. Sa'ad da mata ke ciki suna yi wa Yaya wanka, na zagaya gidan ina lissafin inda za a zauna, don zaman makoki sai da wuri. Maza an kafa musu rumfa a waje. Mata fa? Tsakar gida rana ce ƙwal. Inuwa ɗaya ce, ta gindin mangwaro can bayan gida kusa da famfo, ita kuwa ciyawa ta cinye ta har gwiwa. Wata ciyawa ce mai ganye kamar gashin tsuntsu, ba fure, ba 'ya'ya. Na juya ganye ɗaya, na ga bayansa duk ɗige-ɗige kamar tsatsa. Na ce Allah sarki, jinya ta kwantar da Yaya har gidanta ya koma daji, ciyawar ma ba ta da lafiya, ga shi maciji zai iya kwana a ciki. Surukanta za su zo daga Zariya su ga wannan? Na karɓi fartanyar mai gadi, na tuɓe babbar riga. Da sara kawai na yi, da ta sake tsirowa. Amma ni mutum ne mai aiki tsakani da Allah. Na tono ta har saiwa, na loda wa mai shara a kura, na baje yashi, na sa aka shimfiɗa tabarmi. Mata suka zauna suna sa wa wanda ya gyara wurin albarka.

Yaya 'ya ɗaya ta bari. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata, kuma karatun uwarta ta bi. Ranar farko tana ɗaki cikin baƙi, ba ta leƙa baya ba. Washegari da safe na gan ta da bokiti ta nufi gindin mangwaro, ta tsaya cak.

"Kawu, ina ciyawar Mama?"

"Na gyara wurin, Uwata. Ba sai kin gode ba."

Ta ajiye bokitin a hankali. "Har saiwa?"

"Har saiwa. Kin san ni."

"Ina aka zuba?"

"Mai shara ya tafi da ita tun jiya."

Yarinyar nan ba ta yi kuka ba da aka fita da uwarta. A nan ta zauna a kan yashin da na baje, ta kifa kai a gwiwa. Mata suka taso suna cewa ta yi haƙuri, kowa haƙurin rashin uwa yake ba ta. Ni kaɗai na tsaya a gefe, na fara gane cewa akwai magana.

Ya kamata in bayyana ko ni wane ne, don a san girman abin. Ni da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya. Tare aka sa mu makaranta, ita ta wuce har inda karatu ya ƙare, ni na sauka a aji huɗu na bi motar kaya. Auta take ce mini, ko bayan na yi jikoki. Shekara da shekaru ni nake tuƙa ta duk inda za ta neman ganye, musamman Yangoji, can bayan Kwali. Sai dai ban taɓa fita daga mota ba. In ta shiga daji, in kwantar da kujera in kunna rediyo. Ta dawo da buhu a ɗaure, in buɗe mata but. A gidanta kuwa ni baƙon falo ne, inda abinci yake nan na sani. Da haka na shekara ashirin da wani abu ina jigilar ciyawar da ban taɓa ganin ta a tsaye ba.

A makaranta, ta ce, fan suke kiran irin wannan ciyawa, wai danginta ne tsofaffinmu ke kira agugu, da ake sha don tsila. Na taɓa tambayarta me take nema a ciki. Ta ce, "In inji ya ƙi tashi, ya kuke yi?" Na ce kwance shi muke yi ɗaya bayan ɗaya har mu kama mai laifi. Ta ce, "To ni ma kwance ganye nake yi. Sai dai ni mai aikin alheri nake nema."

Ta nuna mini yadda ake kwancewar, ran da na je ɗakin gwajinsu. A shanya ganye a inuwa, ba a rana ba. A niƙa, a jiƙa a sifirit, a tace. A zuba a wani tulun gilashi mai juyawa cikin ruwan ɗumi, har ruwan ya ƙafe ya bar baƙin danƙo kamar tsohon giris. Sai a ɗora danƙon a kan wani dogon bututun gilashi cike da farin gari, a riƙa bin sa da ruwa. Yana gangarowa yana rabuwa, kore ya yi gaba, rawaya na biye, kowane a tare shi a 'yar kwalbarsa. Daga kowace kwalba a ɗiga kaɗan a farantin da aka shuka ƙwayoyin cuta. In an wayi gari an ga fili fes kewaye da ɗigon, to akwai wani abu a kwalbar nan da ƙwayar cuta ke tsoro. Ita za a kai wa wata na'ura mai zana tsaunuka a takarda. Kowane tsauni sinadari ne guda, na'urar kuma tana da sunayensu a ka.

Duk tsaunukan ciyawar Yangoji na'ura ta faɗi sunansu, ban da ɗaya. Kuma kwalbar da wannan ɗayan ya fi yawa a ciki, ita ta fi share fili a faranti. Wannan tsaunin marar suna shi Yaya ta bi har ƙarshen ranta. Kafin a gane ko mene ne sai an tara shi tsantsarsa, kamar abin da zai rufe kan farce, buhu guda kuwa ba ya ba da ko kusa. Ta ɗebo mai kama da ita a Uke, ta ɗebo a wasu wuraren, tsaunin bai fito ba. Sai ta gindin dutsen Yangoji, inda ruwa ke tsatsowa. Daga baya masu fasa dutse suka iso wurin, ruwan ya ƙafe, ciyawar ta ƙare. Abin da ta iya cetowa ta dasa a gindin mangwaronta, tana tsinka kaɗan-kaɗan tana tarawa. Ɗige-ɗigen da na ce tsatsa ce, irin ciyawar ne, da shi take haihuwa. Uwata ta ce saura girbin damina ɗaya ko biyu abin ya isa, kuma maganar ƙarshe mai tsawo da uwarta ta yi mata a kan ba wa ciyawar ruwa ce.

Wannan na nome. Ba a fi rabin awa ba na gama.

Tun ranar nake ta tuno ta, abubuwan ba sa zuwa a jere.

Ina tuna fensirinta. Ba ta rubutu da biro, wai sifirit na wanke tawada. Komai na gidanta da takarda a jiki: kwalbar yaji, robar man shanu, har maganin ɓera an rubuta ranar da aka buɗe shi. Ina tuna amsarta. Ka tambaye ta ciyawar nan tana magani? Ta ce, "Ban sani ba tukuna." Yaushe za ki gama? "Ban sani ba tukuna." Na ce mata, "Yaya, duk karatun nan har Farfesa, amma amsarki ɗaya da ta ɗan aji ɗaya." Ta ce, "Shi ba ya cewa tukuna."

Faɗanmu mafi girma ma a kan ciyawar ne. Na cika Apo da labarin cewa yayata ta gano maganin da ya gagari Turawa. Wani abokina mai bugun jikin mota yana da gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, ya matsa mini. Na roƙe ta ta hana. Sai na ɗebi garin ganyen a gidanta a ɓoye, na kai masa na ce ya dafa ya sha, ya kuma wanke ƙafar. Ta lura garin ya ragu, don awonsa take yi. Ba ta kira ni a waya ba. Tasi ta hau har gareji, ta ratsa tsakanin motoci da mayafinta, ta tarar da tukunyar a kan wuta, ta ɗauke ta da bakin mayafin ta juye a kwata. A gaban mutanena ta ce, "Auta, abin da ya kashe ƙwayar cuta a faranti bai yi maka alkawarin zai bar hantar mutum ba. A dangin ciyawar nan akwai mai kashe saniya." Ta karɓi mabuɗin motata, ta sa mutumin a baya, ta tuƙa da kanta zuwa asibiti, ta bar ni tsaye. Ashe ciwon suga ne da shi. Yana nan da ƙafarsa har yau, ya zo gaisuwa yana kuka kamar mace.

Ni kuwa na yi fushi irin na manya. Wata biyu ban taka gidanta ba. Ran nan sai ga kwanon dambun nama an aiko gareji, da 'yar takarda a kan murfi da fensir: "Na Auta. An gwada, ba ya kisa." Na cinye, na je na gaishe ta, ba wanda ya ƙara ta da maganar.

Akwai kuma ranar da ɗan injin da ke zuƙe iska daga tulun gilashin nan ya lalace, aka ce sai an yi odar kayansa daga waje. Ta aika aka kira ni. Na shiga cikin masu fararen riguna da kayan aikina, ina jin ƙafata na ƙazantar musu da ƙasa. Na kwance shi, na ga wata 'yar roba ce ta cinye, na yanka wata daga tsohuwar robar taya na sa, ya tashi. Ta tara su duka ta ce, "Wannan ƙanina ne, injiniya. Ku kalli yadda ya jera kusoshin da ya cire, haka nake so ku riƙa jera kwalabenku." Ba ta taɓa cewa makanike ba, ba ta taɓa cewa bai yi karatu ba. Wannan rubutun ma da kuke karantawa, ita ce. Bayan na gudu daga makaranta Baba ya cire hannunsa daga kaina, ita kuwa duk hutu sai ta zaunar da ni a zaure ta sa ni karanta jarida da ƙarfi, da tsumagiya a gefenta.

Allah Ka ga abin da ta yi wa ƙaninta da baƙi da marasa lafiyar da ba ta sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka haɗa ta da iyayenmu a inda babu rabuwa. Ni kuma Ka shirye ni, ko da yake lokaci ya ja.

Bayan sadakar bakwai Uwata ta zo ta same ni. Tun ranar bokiti ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. Ta ce akwai wata tsohuwa a Yangoji, ita ta fara nuna wa Mama ciyawar. In akwai sauranta a duniya, ita za ta sani. Ita Uwata ba ta taɓa zuwa ba, tana karatu a lokacin, kuma tsohuwar ba ta da waya.

"Kai kaɗai ka san hanya, Kawu."

Na sa fartanya a but ba tare da ta gani ba. Muka bi ta Gwagwalada, muka wuce Kwali, ban kunna rediyo ba.

Tsohuwar 'yar Gbagyi ce, manomiyar doya, mai zuwa coci. Na sha ganin ta ta gilashin mota suna tafe da Yaya kafaɗa da kafaɗa. Muka tarar da ita tana dawowa daga gona da ƙwarya a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya. Ta gane motar tun daga nesa, ta ƙara sauri tana dariya. Ta leƙa kujerar gaba ta ga baƙuwar fuska. Ta leƙa baya ba kowa.

"Direba, ina Mama?"

Duk hanya na shirya yadda zan faɗa. Amma ko fitowa daga mota ban yi ba. Uwata ce ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ita 'yarta ce, ta faɗa mata.

Tsohuwa ta sauke ƙwaryar, ta zauna a ƙasa jikin tayar mota. Can ta ce, "Shi ya ce zai zo bayan an cire doya. Na ajiye masa manya." Ashe kwana tara da rasuwa, duk taron nan da muka yi, ba wanda ya tuna ya aika mata. Ta yi wa Yaya addu'a irin tasu, muka ce amin. Ta kama fuskar Uwata da hannu biyu tana kallo, ta ce goshin iri ɗaya. Ta ba ta labarin ran da Yaya ta zo da wata takarda ta Turanci, ta nuna mata sunanta a ciki, ta karanta mata a gaban 'ya'yanta, ta ce ba don ita ba da babu takardar.

Uwata ta ce, "Wannan kawuna ne, ƙanin Mama."

Tsohuwa ta dube ni daga hula har takalmi. "Ƙaninsa? Ni na ce direba ne. Shekara nawa kana cikin mota, ko ruwa ba ka sauko ka sha ba."

Na ga in ban faɗa yanzu ba, yarinya za ta rufa mini asiri, ni kuwa ban cancanta ba. Na cire hula na faɗi abin da na yi, da fartanya da mai shara da yashi, ban rage komai ba. Ba ta zage ni ba. Ta dai tashi, ta kakkaɓe zane, ta ce wa Uwata, "Zo."

Ba a ce da ni in zo ba, amma na bi su, na ɗauko fartanyar na ɓoye a bayan riga. Muka wuce inda aka fasa dutsen, fari fat, ba ko tsiro. Muka zaga bayan tsaunin, muka ratsa gonakin doya, muka hau, gwiwoyina suna ba ni labarin duk shekarun da na yi a kujerar mota. Tafiyar ta kusa awa guda. A wani tsagi tsakanin duwatsu biyu, inda rana ba ta shiga, ruwa na tsatsowa a hankali. Ga ta nan a tsaye. Faɗin wurin bai fi sallaya ba.

Tsohuwa ta ce ran da injuna suka zo Yaya ta tsaya tana kallo tana hawaye. Bayan ta tafi, ita kuma ta kwashi abin da ya rage a ƙwarya ta kawo nan ta dasa, ba ta gaya wa kowa ba, tana jira ta yi yawa ta nuna mata.

Uwata ta durƙusa a cikin laka da kayanta masu kyau. Ta juya ganye, ta fito da ɗan gilashi tana duba ɗige-ɗigen. Ta ce da alama ita ce, na'ura za ta tabbatar. Ta tsinki ganye kaɗan da farce, ta sa a tsakanin takardu. Suka yi shawara cewa za a bar ta ta ƙara yaɗuwa, Uwata za ta riƙa zuwa da kanta tana ɗiba.

Ni kuwa zuciyata ta yi sanyi har na ji na dawo mutum. Na ga dama ta samu da zan gyara abin da na ɓata, in mayar wa Yaya da gindin mangwaronta yadda yake. Na zaro fartanya, na naɗe hannun riga, na ce, "To alhamdu lillahi. Ku ɗan matsa in tono rabi mu tafi da ita gida. Wannan karon da saiwarta zan dasa, da hannuna."

Tsohuwa ta shiga tsakanina da ciyawar. Ko kafaɗata ba ta kai ba. Ta dubi fartanyar, ta dube ni.

"Mama ya bar guda biyu. Ɗaya a hannun 'yan'uwa, ɗaya a wurina. Ka gama da naku. Bar mini nawa."